Elder Scrolls na shida: in a hamada za a yi shi, a sa mana ƙishirwa

Mai Gidan Wasa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Maganar wasan bidiyo na Elder Scrolls na shida nake so mu yi yau, amma don Allah kada wanda ya tambaye ni ranar fitowa, wannan ta ishe mu. Tun watan Yunin 2018 Bethesda, kamfanin da ke yin wasan, suka nuna ɗan bidiyon nan da bai kai minti ɗaya ba: duwatsu, busasshiyar ƙasa, bakin teku, sai suna ya fito, shi ke nan. Skyrim kuwa, na biyar ɗin, tun ranar 11 ga Nuwamban 2011 yake hannun mutane. Yaran da aka haifa a shekarar su ne yanzu ke cika mini shago suna cin manya a wasan ƙwallo.

Kamfanin bai faɗi ƙasar da labarin zai gudana ba, amma yawancin masu bin maganar Hammerfell suke hasashe, ƙasar mutanen Redguard a duniyar wasan, inda hamadar Alik'r take. To in hasashen ya tabbata, ni buƙatata ɗaya ce: a sa ƙishirwa. Ba na son hamadar da aka shafa wa rawayen fenti kawai, mutum na gudu a cikinta da sulken ƙarfe da rana tsaka ko gumi babu. Ina son in duba salkata kafin in bar gari. Ina son in san inda rijiya ta gaba take, gabana ya faɗi in na wuce ta ban sha ba. Ku fa, me kuke jira a ciki?

Autan Zariya:
Wa alaikumus salam yaya. Haba don Allah. Ƙishirwar Maradi ba ta ishe ka ba sai an biyo ka da ita cikin wasa? A watan Afrilu mutum ya dawo daga lakwal kansa na tafasa, ya samu kuran da ƙyar, ya kunna wasa, sai kuma a ce masa jaruminka na jin ƙishi? Ni dai a ba ni takobi, a ba ni dodanni, a bar ni in danna taswira in faɗo inda nake so.

Mushe:
Auta, abin da yayanka ke nema ba sabon abu ba ne, kuma ba dole za a yi wa kowa ba. A 2017 an ƙara wa Skyrim wani tsari na rayuwa mai wuya: sanyi ya rage maka lafiya, yunwa ta rage ƙarfi, rashin barci ya rage sihiri, kuma an toshe tsallake tafiya ta taswira, sai dai ka hau keken doki ko ka taka da ƙafa. A 2021, da wasan ya cika shekara 10, aka ba masu Special Edition, Skyrim ɗin da aka sabunta, shi kyauta. Ƙishirwa ce dai babu a ciki. Ita kuwa tana cikin Fallout: New Vegas na 2010, wanda shi ma a hamada yake, ta Mojave, in ka zaɓi tsari mai tsanani sai ka nemi ruwa.

Inda na Skyrim ya gaza shi ne daga baya aka liƙa shi. An riga an gina ƙasar ba a yi tunanin sanyi ba, sannan aka ɗora lissafi a kai. Shi ya sa ya koma ɗawainiya: sha miya, tsaya bakin wuta, ci gaba, sake shan miya. Wanda zai yi ma'ana shi ne a zana taswirar tun farko bisa ruwa, nisan rijiya da rijiya ya zama shi ke faɗin inda hanya za ta bi da inda gari zai zauna.

Ƴar Dakoro:
Mushe kun zo daidai inda nake jira. Ni ba lissafin ƙishirwa ne ya dame ni ba, wani ɗan layi shuɗi na raguwa a gefen allo kana danna maɓalli kana sha. Ko yaro zai gaji da wannan. Abin tambaya shi ne, rijiyar ta wa ce?

Duk wanda ya taɓa shiga arewacin Dakoro da rani, daga kwarin Tarka zuwa wajen Gadabeji, ya san rijiya ba wurin shan ruwa ba ce kawai. Saboda zurfi, sai an ɗaura igiya a jikin raƙumi ko jaki ko sa, ya ja ya yi nisa kafin guga ta leƙo. Akwai wanda kakansa ya haƙa, akwai mai jiran layinsa, akwai baƙon da sai ya nemi izini. Matafiyi ba a hana shi sha, amma shayar da garke wata magana ce daban. A nan ake jin labarin inda ciyawa ta rage, a nan ake cinikin dabba, a nan kuma rigima ke tashi. Tun 1961 dokar ƙasar nan tamu Nijar ta shata iyakar noma ta arewa, amma har gobe maganar burtali da gona da mashaya ba ta ƙare ba.

Yanzu ku ɗauki wannan ku kai Hammerfell. A labarin wasan, mutanen can kashi biyu ne tun da daɗewa. Akwai Crowns, masu riƙe da tsohuwar al'adar Yokuda, ƙasar da kakanninsu suka baro da ta nutse a teku. Akwai Forebears, zuriyar mayaƙan da suka fara sauka, waɗanda suka fi sakin jiki da daular Cyrodiil da baƙi. A Skyrim yaƙin ƴan tawayen Stormcloak da daula kusan abu ɗaya kake ta maimaitawa: je ka wancan sansani, kashe masu gadi, tuta ta canza. In haka za a yi wa Crowns da Forebears, an yi asara. Ina so in na goyi bayan wani ɓangare, rijiyoyin ɗaya ɓangaren su rufe a gare ni. Ba hari za a kai mini ba. A tarbe ni da fara'a, a ba ni in sha ni kaɗai, a hana raƙumina. Sai in sake hanya, ko in biya, ko in nemo wanda zai tsaya mini. Wannan ya fi a zare mini takobi ciwo.

Autan Zariya:
Anti wannan ai ba wasa ba ne kuma, shari'a ce a fadar sarki 😂

Ƴar Dakoro:
To ai nan daɗin yake ƙanena. Baldur's Gate 3 da ya ci kyautar wasan shekara a 2023, me mutane suka fi yabawa a ciki? Maganar da ka faɗa tun farkon wasa tana iya tarar da kai can gaba. Bethesda sun iya gina ƙasa, amma mutanensu mantuwa gare su. Ka zama shugaban makarantar sihiri ta Winterhold, ka zama shugaban ɓarayi, ka zama shugaban mayaƙan Whiterun duk kai kaɗai, mai gadin ƙofa kuma yana yi maka kallon wanda ya shigo jiya.

Na Tibiri:
Salamu alaikum. Ku yi ta maganar ruwa, ni takobi ya kawo ni. Duk Tamriel, nahiyar wasan, Redguard anka sani da takobi. Cikin labarinsu akwai manyan gwanaye, Ansei, waɗanda anka ce suna hiddo takobi daga ruhinsu. To in anka kai mu ƙasarsu anka ba mu irin saran Skyrim, wallahi an ci mutuncinsu. Mi ke ga saran Skyrim? Ka danna, shi danna, wanda jininai ya riga ƙarewa shi kwanta. Ba ka jin nauyin ƙarhe, ba ka jin bambanci tsakanin saran mutum da saran iska. Ku duba Kingdom Come: Deliverance na biyu da ya hito 2025. Sai ka zaɓi ta inda za ka kai sara, ka lura da hannun abokin karo, ka kare, ka rama. Ban ce a maida wanga wasa mai tsanani haka ba, amma takobi shi zama sana'ar da aka koyo wurin gwani, kowane gari da salonai. Na Sentinel daban, na Rihad daban, na Taneth daban.

Sannan doki. Sara bisa doki 2012 anka ƙara ma Skyrim, kuma kowa ya san yadda shike, kana zagaye mutum kana kai ma iska duka. Mu da muke ganin hawan sallah mun san doki da mahayi abu guda ne. Kuma ga inda maganata ta haɗu da taku: ɗan lifida da anka naɗe shi da dokinai cikin auduga, kibiya ba ta shiga da sauƙi, amma ba shi gudu mai nisa, dokin na gajiya. Shi ya sa sarakuna sunka aje wasu mahaya marasa nauyi don kora da leƙen asiri. To haka nika so. Mai sulke shi ci gaba da gaba, amma rana ta ci shi. Mai rawani da riga shi hi shi nisa.

Mai Gidan Wasa:
Yauwa Bagobiri, ashe dai muna tare. Zafi ya sa kayan da ka sa su zama zaɓi, ba wanda ya fi lamba kawai ba.

Injiniya:
Bari in ɗan zuba muku ruwan sanyi. Duk abin da kuke lissafawa sai injin wasan ya ɗauka. Bethesda da injin gidansu suke aiki, Creation Engine, wanda aka yi Starfield, wasansu na sararin samaniya, da sabon fasalinsa a 2023. Yana da abin da ya fi kowa: ka ajiye cokali a kan tebur, ka yi yawon duniya ka dawo, cokalin na nan. Kowane mutum a gari yana da gado, yana da lokacin ci da na aiki, abin da suka faro tun Oblivion na 2006, Elder Scrolls na huɗu. Amma kuɗin wannan shi ne baƙin allon jira. Shiga gida, jira. Shiga kogo, jira. A Starfield har abin ya zama abin dariya a intanet.

Tsorona kuma ba nan yake ba. Starfield yana da duniyoyi sama da 1,000, yawancinsu kwamfuta ce ta shimfiɗa su, sai ka tarar da gini iri ɗaya, da gawa a kwance wuri ɗaya, a duniyoyi daban-daban. Hamada ita ce wuri mafi sauƙin yin wannan ha'incin. A zuba rairayi iya ganin ido, a watsa kango nan da can, a ce ga taswira mafi girma. Sun taɓa yi. Daggerfall na 1996, Elder Scrolls na biyu, wanda ma wani yanki nasa a Hammerfell yake, kamfanin ya ce girmansa ya kai na Birtaniya, amma ba mai takawa daga gari zuwa gari don babu abin gani a tsakani. Skyrim ɗan ƙarami ne a kansa, sai dai da hannu aka jera shi, shi ya sa har yau ake komawa. Ni gara a ba ni ƙaramar hamada da aka san kowane tudu nata.

Kawu Direba:
Salamu alaikum yara. Ni ba gwanin wasannin nan ba ne, ɗana ne ya sa ni cikin rukunin nan, Skyrim ɗin ma a wurinsa na koya. Amma hanyar arewa na yi ta da mota a ƙuruciya, har Agadas da gaba, don haka ku bar ni in sa baki.

Injiniya ya ce babu abin gani a hamada. Ga baƙo ne babu. Ayarin gishiri da ke tashi daga wajen Agadas zuwa Fashi da Bilma ta cikin Tenere, madugu ba taswira yake riƙewa ba. Yana duban inda iska ta kwantar da rairayi, yana duban inuwarsa, da dare yana duban taurari. Kashin raƙumi a ƙasa labari ne, ƙashin dabbar da ta mutu alama ce. Itacen Tenere guda ɗaya tal, ayari sun daɗe suna auna hanya da shi saboda rijiyar da ke wurin, har mota ta buge shi a 1973 aka kai shi gidan tarihi na Yamai, aka kafa na ƙarfe a gurbinsa. Itace ɗaya ke nan, amma duniya ta san shi.

Abin da ke ɓata mini rai a wasan shi ne ƴar kibiyar nan da ke saman allo tana nuna maka inda za ka. Da ita ba ka kallon ƙasa, kibiya kake kallo. In za su yi hamada su cire ta, ko guguwa in ta taso ta ɓace. Su ba ka jagora, mutum mai suna da hali, wanda ka ɗauka da kuɗi, wanda zai iya yin fushi ya bar ka, wanda in ka zauna da shi ka koyi karatun ƙasa har ka daina buƙatarsa. Kuma a sa tafiya da asuba da yamma da dare ta fi ta rana tsaka riba. Sannan kawalwalniya. Ka hango ruwa, ka saki hanya, ka tarar da wayam. Sau ɗaya za ta yi maka ka yi hankali.

Mushe:
Kawu Allah ya ƙara girma, abin da kuka kwatanta ai Morrowind ne na 2002, Elder Scrolls na uku. Babu kibiya ko ɗaya. Mai aike zai ce maka bi hanyar kudu, ka haye gada, ka juya wajen dutse kaza, a rubuta maka a littafin tafiya, in ka ɓata kai ka sani. Akwai ma guguwar toka da ke rufe ido. Kuma samaniyar wasan tana da abin aunawa: watanni biyu, Masser da Secunda, da taurarin Mayaƙi da Masihirci da Ɓarawo. A Morrowind da Oblivion kana zaɓen tauraron haihuwarka cikin 13, Skyrim ya mai da su duwatsun da ake taɓawa. Ga taurari a sama an zana su da kyau, ba a taɓa sa su aikin nuna hanya ba.

Autan Zariya:
Kawu ku yi haƙuri, amma ku manya kuna da lokaci. Ni awa ɗaya nake samu, wani lokaci ma a ɗauke kuran a tsakiya. In kashe ta ina neman dutse kaza? Kuma ku tuna, Todd Howard na Bethesda da bakinsa ya ce a 2023 Skyrim ya wuce kwafi miliyan 60. Morrowind ɗin da kuke yabo ya kai ko kusa? Sauƙin nan da kuke rainawa shi ya kawo mu duka, har da ni, har da kawu.

Ƴar Dakoro:
Nan kam Auta ya yi magana. Kuma kamfani ba zai jefar da mutum miliyan 60 don mu shida ba.

Mai Gidan Wasa:
Ba wanda ya ce a hana ka tsallake tafiya. A sake mata fasali dai. A Daggerfall in za ka tsallake, ana tambayarka: a hankali ko da gaggawa, a masauki za ka kwana ko a daji, ta ƙasa ko ta jirgin ruwa, sannan a lissafa maka kwanaki da kuɗi. A Morrowind kana biyan mai jirgi ko mai babban ƙwaron nan da ake hawa. To a Hammerfell a yi ayari. Ka je zango, ka biya madugu, ka zaɓi ko ka yi barci ka farka a garin gaba, ko ka taka tare da su kana gadi a biya ka. Mai awa ɗaya ya yi barcinsa, mai dare guda ya yi tafiyarsa. Raƙuman hawa ma suna cikin Elder Scrolls Online, ba baƙin abu ba ne a duniyar.

Na Tibiri:
In anka yi ayari to a bar ni in zama ɗan hwashi ni ma, in tare shi 😂

Kawu Direba:
Kai dai Bagobiri ba ka rabo da neman magana.

Malam na Sabon Gari:
Ina karantawa tun ɗazu. Ni abin da ke hana ni sakin jiki da irin wasannin nan shi ne yawan sihiri da gumaka. Na san ƙage ne, amma ina buga nawa da takobi da baka kawai, ba na taɓa ɗayan. Ba wa'azi na zo yi ba, tambaya ce: a wannan sabon za a iya gama shi ba tare da an tilasta wa mutum ba? Don a Skyrim akwai inda sai ka yi ihun nan na dodanni kafin labari ya ci gaba, kuma shiga makarantar Winterhold sai an gwada ka.

Mushe:
Malam, in Hammerfell ce to kun samu ƙasarku. A labarin, Redguard mutane ne masu ƙyamar sihiri, musamman na tayar da gawa, saboda girman da suke ba matattunsu. Har ta kai ba sa son ɗaga makami a kan gawar da aka tayar, sai wata ƙabila, Ash'abah, ke yin wannan aikin, su kuma ana gudunsu ana ce musu marasa tsarki duk da su ke kare gari. Wannan yana cikin Elder Scrolls Online na 2014, a yankin Alik'r. Ku duba irin aiken da za a iya ginawa a kan wannan kaɗai.

Ni kuwa a ɓangarena sihirin nake so a dawo masa da zurfinsa, amma ya zama yana da farashi. A Morrowind fannonin ƙwarewa 27 ne, a Oblivion 21, a Skyrim 18. Haɗa sihirinka da kanka, ka zaɓi ƙarfinsa da nisansa da daɗewarsa, yana cikin Morrowind da Oblivion, Skyrim ya cire. Ƙarfi da hankali da sauri da sa'a da sauransu, siffofi takwas ke nan, su ma an share, aka bar lafiya da sihiri da juriya. In aka ci gaba da wannan ragi, na shida maɓalli biyu zai rage. A dawo da haɗa sihiri, amma in ka tayar da gawa a kasuwar Sentinel, mai shago ya rufe ƙofa, mai masauki ya ce ba ɗaki. Sai mai takobi irin Malam ya ga ribar tsarkinsa, masihirci kuma ya koyi ɓoyewa.

Malam na Sabon Gari:
To madalla. In haka ne ba ni da ta cewa.

Injiniya:
Tunda an zo kan lissafi, akwai wanda ban yarda a maimaita ba: abokan gaba su riƙa girma tare da kai. A Oblivion in ka yi nisa, ɗan fashin bakin hanya ma sai ka gan shi da sulken da ya fi kuɗin gari, yana tare ka don ƴan tsabar zinariya. Skyrim ya rage abin amma bai kashe shi ba. In tsakiyar Alik'r za ta zama wurin tsoro, to ta kasance da tsoronta tun ranar farko. Ka shiga da wuri ka mutu, ka dawo bayan ka ƙware ka wuce. Tsofaffin gine-ginen Dwemer, al'ummar da ta ɓace, da ke ƙasar su zama a can ciki, inda sai mai ruwa da jagora ke kaiwa.

Jirgin ruwa kuma ina ganin zai zo. Hammerfell na da dogon bakin teku, ga tsibirin Stros M'Kai inda aka yi wasan Redguard na 1998, kuma ƙera jirgi na cikin abin da aka fi yabawa a Starfield. Wannan dai hasashena ne.

Autan Zariya:
Duk wannan mafarkin, a kan me za mu buga shi? Nan garin kowa PlayStation gare shi.

Injiniya:
Tambayar da ta fi duka ke nan. Microsoft sun sayi ZeniMax, uwar Bethesda, a kan dala biliyan 7.5, cinikin ya kammala a 2021, kuma Starfield da ya fito a Xbox da kwamfuta kawai ya fito. Amma iska ta juya: Oblivion da aka sabunta a Afrilun 2025 ya sauka a PS5 rana ɗaya da sauran. Don haka ban cire rai ba. Nauyin ne abin ji. Skyrim na 2011 wajen giga 6 yake nema. Starfield 125, sabon Oblivion shi ma 125. Da irin rezo ɗinmu da kuɗin forfe, wannan sai an yi karo-karo, mutum ɗaya ya sauke. Kuma a 2023 Phil Spencer na Xbox ya faɗa a kotu cewa wasan na da sauran shekara biyar ko fiye, ku yi lissafi da kanku. Kafin nan wataƙila sai an sake sabon inji gaba ɗaya.

Na Tibiri:
Ni ina ga The Witcher na huɗu za shi riga shi. Su aƙalla sun nuna Ciri, jarumar wasan, a ƙarshen 2024, sun kuma nuna ta bisa doki cikin kasuwa a 2025. Waɗanga ko dutse sunka nuna muna sunka yi shiru.

Kawu Direba:
Ɗana ya ba ni labarin wata tsohuwa a Amurka, Shirley Curry, da ta yi suna da buga Skyrim a YouTube, wadda suka yi wa alkawari tun 2019 za su sa ta cikin wasan. Ashe ba ni kaɗai ne mai furfura a layin jira ba.

Mushe:
Ko ba su sa ƙishirwa ba, masu mod, ƴan wasan da ke yi masa ƙari da kansu, za su sa cikin wata guda. Haka aka yi da Skyrim, sanyi da yunwa duk ƴan wasa ne suka fara haɗawa kafin kamfani ya yi nasa.

Ƴar Dakoro:
Layin shuɗi za su iya sawa Mushe. Amma mai mod ba zai sake jera garuruwa bisa rijiyoyi ba, kuma ba zai ɗauki muryoyin mutum ɗari suna hana ni shayar da raƙumi ba. Sannan masu PlayStation ba kowane mod ke isa gare su ba, an taƙaita musu tun Special Edition.

Auta, kai kuma ga gwaji. Kunna tsarin rayuwa mai wuya a Skyrim, sabon jarumi, ka taka daga Whiterun zuwa Winterhold da ƙafa, ba keken doki. In ka isa ba ka ji daɗi ba, na bar maganar.

Autan Zariya:
Na yarda anti, amma da sharaɗi biyu. Nord zan ɗauka, mutanen Skyrim, don sun fi jure sanyi, kuma in aka ɗauke kuran a hanya ba a lissafa shi mutuwa ba.

Na Tibiri:
Nord? A'a. Argonian za ka ɗauka, ƙadangare, mu ga ƙarshen baki.

Autan Zariya:
Kai ba da kai aka yi yarjejeniya ba. Ranar Asabar bayan la'asar, wanda ke da manet mai kyau ya zo da ita, tawa maɓallin gudu ya mutu.